Miliyon ɗaya: me ya sa take rabuwa ga mutum takwas, ta ƙi rabuwa ga mutum bakwai?



Wata tambaya da aka yi mana ta waya ce ta kawo bayanin yau. Wani ɗan cirani ya aiko miliyon ɗaya ta sefa gida, ya ce a raba ma ƴan'uwa bakwai daidai wa daida. Babban wa ya karɓo kuɗɗin, ya ba kowa jikka 142, sai jikka 6 suka yi saura a hannunshi. Nan fa ƙananan maganganu suka tashi. Wasu na cewa an rage kuɗɗin tun wurin karɓa, wasu na cewa ai miliyon cikakkar lamba ce, ba yadda za a yi ta bar saura. Wanda ya kira mu yana son ya sani: an ci amana ne, ko kuwa?

Amsar ita ce, ba wanda ya ci amana. Halin lambar ne haka. Miliyon ba ta rabuwa bakwai, ko wa zai yi rabon. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu buɗe cikin wannan lamba da kowa ke kira a baki, mu ga da me aka gina ta, wa take rabuwa ma, wa take ƙi, don kada lissafi ya raba zumunta.

Girmanta tukuna

Miliyon ɗaya dubu ce sau dubu. Ana rubuta ta da ɗaya da sifiri shida: 1.000.000. A ƙidayarmu ta kasuwa, jikka dubu ke nan, tunda jikka ɗaya sefa 1.000 ce. In kuma da dala aka ƙirga, dala dubu ɗari biyu ce, domin dala ɗaya tamma biyar ce. In takardun jikka goma-goma aka kawo, takarda 100 ce. Na jikka biyar-biyar 200, na jikka biyu-biyu 500, na jikka-jikka 1.000, na dala ɗari-ɗari kuwa 2.000.

Baki na saurin faɗinta, amma ba ƙaramar aba ba ce. In mutum ya zauna yana ƙirga lamba ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya yi kwana 11 da awa 13 da minti 46 da ƴan daƙiƙu kafin ya kai miliyon. Mai aje dala ɗari kullum cikin asusu sai ya yi kwana 2.000, wato kusan shekara biyar da rabi. Kwana miliyon kuwa ya fi shekara 2.700. Daga Hijirar Annabi (SAW) a shekarar 622 zuwa yau, kwanakin da suka wuce rabin miliyon ne da ƴan kai.

Muna kuma haɗuwa da ita ba tare da mun lura ba. Tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, giram miliyon ne. Fili mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya, in aka yanka shi mita ɗaya-ɗaya tsawo da faɗi, yanki miliyon za a samu, kuma shi ne hekta ɗari.

Cika da mara, da lambobin tushe

Masana lissafi suna kasa lambobi gida-gida. Kashin farko yara ma sun san shi: cika da mara. Lambar da ta rabu biyu ba saura cika ce, kamar 2, 4, 6, 10. Wadda ta bar ɗaya mara ce, kamar 3, 5, 7. Miliyon cika ce: mutum biyu kowa ya ɗauki 500.000.

Kashi na biyu shi ne ya fi shafar tambayarmu. Akwai lambobin da ba su rabuwa ga kowa sai ga ɗaya da su kansu. Ɗauki goro 7: ko ka ba mutum ɗaya duka, ko ka ba mutum bakwai ɗaya-ɗaya. In ka ce biyu ko uku ko huɗu za su raba, sai an fasa goro. Irin waɗannan su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka har gaba. Mu kira su lambobin tushe. Sauran lambobi, irin su 6 da 12 da 100, haɗaɗɗu ne, domin da lambobin tushe aka gina su, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali: 6 ita ce 2 sau 3, 12 ita ce 2 sau 2 sau 3. Kuma kowace haɗaɗɗiyar lamba tubalanta ba su canzawa, ko ta wace hanya aka warware ta.

To, da wane tubali aka gina miliyon? Miliyon goma ce da aka ninka da kanta har goma shida suka jeru: 10 sau 10 sau 10 sau 10 sau 10 sau 10. Kowace goma kuwa 2 ce sau 5. Ke nan cikin miliyon akwai biyu guda shida da biyar guda shida, ba komi bayan su. Biyun nan shida in aka ninka su suna ba da 64, biyar ɗin shida suna ba da 15.625. Ku gwada a salula: 64 sau 15.625, miliyon cif za ta fito.

Ga inda sirrin yake. Lamba ba ta raba miliyon sai in ita ma da biyu da biyar kaɗai aka gina ta, kuma ba su wuce shida-shida ba. Takwas 2 ce sau 2 sau 2, don haka ta shiga: kowa 125.000. Bakwai kuwa babu ta cikin tubalan miliyon. Uku ma babu. Duk lambar da ke ɗauke da uku ko bakwai a cikinta, irin su 6, 9, 12, 14, 15, 21, 30, ba ta raba miliyon.

Su wa take rabuwa ma?

Lambobin da ke raba miliyon ba saura guda 49 ne kawai, har da ɗaya da ita kanta miliyon. Dalilin 49 shi ne: kana iya ɗaukar biyu daga ko ɗaya babu har zuwa shida, hanya bakwai ke nan, haka ma biyar hanya bakwai, bakwai sau bakwai kuwa 49. Ga na ƙasa da ɗari, su ne suka fi amfani wurin rabo: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 32, 40, 50, 64, 80. Daga nan sai 100, 125, 160, 200, 250, 320, 400, 500, 625, 800, sannan 1.000.

Suna tafiya ne biyu-biyu: 2 da 500.000, 8 da 125.000, 40 da 25.000. Dubu kaɗai ce ba ta da abokiya sai kanta, tunda dubu sau dubu ne miliyon. Shi ya sa adadin ya zama mara, 24 a ƙasa, 24 a bisa, dubu a tsakiya. Irin lambar da ake samu in an ninka wata da kanta ana ce mata murabba'i, kamar 9 da 25 da 100. Miliyon murabba'in dubu ce. Kuma ita ce 100 sau 100 sau 100.

Yanzu mu koma gidan masu tambaya. Miliyon in an raba ta bakwai, kowa na samun 142.857, tamma ɗaya ta yi saura. Amma tamma ba ta yawo a kasuwa. In da dala aka raba, kowa 142.855, dala uku su yi saura. In da takardun jikka aka raba kamar yadda babban wa ya yi, kowa jikka 142, jikka 6 su yi saura, domin bakwai sau 142 na ba da 994. Lissafinshi daidai ne. Abin da ya rage mishi shi ne ya yi canjin jikka shidan nan, ya ƙara ma kowa 855, ya nuna ma kowa dala ukun da suka rage.

Wani abin sha'awa: maƙwabciyar miliyon ta ƙasa, wato 999.999, halinta daban ne gaba ɗaya. Tubalanta su ne 3 har sau uku, da 7, da 11, da 13, da 37. Shi ya sa in ka raba miliyon ga mutum 3, ko 7, ko 9, ko 11, ko 13, kullum tamma ɗaya ce ke saura.

Yadda ake ganewa ba tare da alƙalami ba

Akwai ƴan dabaru da mushe ke koya ma yara a makaranta, kuma suna da amfani ga babba a kasuwa. Lamba tana rabuwa biyu in ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8. Tana rabuwa biyar in ta ƙare da 0 ko 5. Tana rabuwa huɗu in alƙalumanta biyu na ƙarshe sun rabu huɗu ko kuma sifiri ne, tana rabuwa takwas in uku na ƙarshe sun rabu takwas ko sifiri ne.

Na uku da tara ya fi daɗi: a tara alƙaluman lambar. In jimillar ta rabu uku, lambar duka ta rabu uku. In ta rabu tara, ta rabu tara. Miliyon ɗaya ce da sifirai, jimilla ɗaya, ba ta rabuwa uku. Amma 1.200.000 jimillarta 1 da 2, uku ke nan, don haka mutum uku kowa ya ɗauki 400.000. Ita kuma 900.000 jimillarta tara, tana rabuwa uku, tana rabuwa tara.

Adashe da ƙungiyoyi

Matan adashe da ƙungiyoyin manoma, wannan naku ne. In ana son kwasa ta zama miliyon cif, kowa kuma ya zuba daidai da ɗan'uwanshi, to yawan mutane ya zama 10 a kan 100.000, ko 20 a kan 50.000, ko 25 a kan 40.000, ko 40 a kan 25.000, ko 50 a kan 20.000. In ku 12 ne, ko 15, ko 30, kada ku nace ma miliyon. Mutum 15 in sun zuba 70.000 za a samu 1.050.000, in 60.000 ne za a samu 900.000. Mutum 12 a kan 85.000 za su tara 1.020.000. Gara a fara daga abin da kowa zai zuba, a bar jimilla ta faɗi inda ta faɗi.

Kuma a sani, girman lamba ba shi ne yawan masu raba ta ba. Jikka 840 ba su kai miliyon ba, amma suna rabuwa ga mutum 2, 3, 4, 5, 6, 7 da 8 ba tare da an nemi canji ba. Lambar 720.720 kuwa tana rabuwa ga duk lambobi daga 1 har 16, masu raba ta 240 ne, kusan ninki biyar na na miliyon. Irin wannan sauƙin rabo ne ke cikin 60, wadda mutanen Babila na dā suka gina ƙidayarsu a kanta, daga can kuma muka gaji minti 60 cikin awa.

Wurin rabon gado

Nan ne maganar ta fi nauyi. Kason da Suratun Nisa'i ta ambata su ne rabi, da ɗaya cikin huɗu, da ɗaya cikin takwas, da biyu cikin uku, da ɗaya cikin uku, da ɗaya cikin shida. Uku na farko miliyon na karɓarsu ba gardama: 500.000, 250.000, 125.000. Uku na ƙarshe kuwa duk da uku a cikinsu, don haka dole a samu ɓurɓushi.

Misali, a ce bayan an biya bashi da wasiyya miliyon ce ta rage, mamacin kuma ya bar mata ɗaya da ɗiya maza biyu da ɗiya mata uku, ba wani magaji bayan su. Matar ta ɗauki tumuninta, 125.000, saura 875.000. Namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya, kaso bakwai ke nan. Sai ga shi 875.000 ta rabu bakwai daidai: kowace ɗiya mace 125.000, kowane namiji 250.000. Miliyon ta ƙi bakwai, amma da aka cire ɗaya cikin takwas, abin da ya rage kaso bakwai ne daidai.

In kuma mahaifiyar mamacin na raye, tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Malaman gado sai su kafa lissafin bisa 24, domin ita ce ƙaramar lambar da takwas da shida duk suke rabawa: matar kaso 3, uwa kaso 4, ɗiya su raba 17. Miliyon ba ta rabuwa 24, tamma 16 ke saura. Da a ce 1.200.000 ne, kowane kaso 50.000, matar 150.000, uwa 200.000, ɗiya 850.000. Mu lissafi kaɗai muke nunawa. Wane ne magaji, wa ke kare wa, wannan na malamai ne da alƙalai. Haka ma zakka: ɗaya cikin arba'in na miliyon 25.000 ne, amma ko dukiyar ta kai nisabi, a tambayi malamai.

Ba yau malamai suka fara haɗa gado da lissafi ba. Muhammad ɗan Musa Alkawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza cikin ƙarni na 9, babban ɓangare na littafinshi na aljabara kan gado da wasiyya yake. A nan kusa da mu ma, Malam Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkatsinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a Alƙahira a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. Can ya rasu a 1741.

Mai rara, mai giɓi, da cikakkiya

Akwai wani kashi na uku da mutanen Girka na dā suka bari. A tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, a gwada da ita. Masu raba 6 su ne 1, 2, 3, jimilla 6 daidai: ana ce mata cikakkiya. Irinta ba su da yawa, ƙasa da miliyon huɗu ne kawai: 6, 28, 496 da 8.128. Masu raba 8 su ne 1, 2, 4, jimilla 7, ba ta kai ba: mai giɓi ce. Masu raba 12 kuwa, 1, 2, 3, 4, 6, sun ba da 16: mai rara ce. Miliyon mai rara ce, domin masu raba ta 48, ban da ita, jimillarsu 1.480.437. To kun ji, a wurin masu lissafi miliyon ba ta cikin cikakku, duk da sifiranta shida.

Lambobin tushe kuma, akwai 78.498 ƙasa da miliyon. Ta ƙarshensu ita ce 999.983, ta farko bayan miliyon kuwa 1.000.003. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani masani mai suna Iƙlidis ya tabbatar da cewa ba su da iyaka. Yau da manya-manyansu ake ƙulla wasu makullan sirri da ke tsare saƙonni da hada-hadar kuɗɗi ta intanet.

Ƴan'uwa na ƙetare, a kula da waɗannan

Abu na farko, ɗigo da waƙafi. A rubutun Faransanci da muka saba gani a takardunmu, ɗigo ko ɗan fili ke raba dubbai, waƙafi kuma na nuna ɓurɓushin da bai kai ɗaya ba. A Najeriya da Ghana da Ingila da Amurka akasin haka ne: suna rubuta miliyon 1,000,000. Kuɗɗin Turai na yuro, tun 1999 an tsaida shi a kan sefa 655,957 a rubutunmu, ma'ana sefa 655 da ɓurɓushi, kusan 656. Wanda ya saba da rubutun Ingilishi zai iya karanta shi dubu ɗari shida da hamsin da biyar. A wannan farashi, miliyon ɗaya ta sefa yuro 1.524 ce da kusan rabi.

Na biyu, miliyar da biliyan. Abin da muke ce ma miliyar, wato miliyon dubu mai sifiri tara, shi ne gidajen rediyon Najeriya ke ce ma biliyan. Amma kalmar da ta yi kama da biliyan a Faransanci miliyon sau miliyon take nufi, sifiri goma sha biyu. Tazarar miliyon da miliyar ma ba kaɗan ba ce: daƙiƙa miliyon kwana 11 ne da ɗoriya, daƙiƙa miliyar kuwa ta fi shekara 31. In aka ji labarin kasafin kuɗɗin gina asibiti ko hanya, a saurara da kyau a ji wacce aka faɗa.

Na uku, jikka da dala. Jikkarmu sefa 1.000 ce, amma jaka a bakin dattawan Najeriya naira 200 ce. Dalarmu tamma biyar ce, ba dalar Amurka ba. Yaron da ya tashi a waje in aka ce mishi dala ɗari, a fayyace mishi cewa sefa 500 ake nufi.

Shawararmu ga mai aikowa ita ce ya ƙirga mutanen kafin ya aiko. In su bakwai ne, ya aiko 980.000 kowa 140.000, ko 1.050.000 kowa 150.000. In uku ne ko shida, 900.000 ko 1.200.000. Ya kuma faɗa ƙarara ko ladar aike na cikin kuɗɗin ko a bisa take, domin ko kashi ɗaya cikin ɗari na miliyon jikka goma ne. Mai karɓa shi ma ya nuna takardar shaida, a ƙirga a gaban kowa, a faɗi saura tun kafin a fara rabo.

Ga kuma aikin gida ga ƴan makaranta da iyayensu: an aiko miliyon biyu a raba ma mutum tara da takardun jikka-jikka. Nawa kowa zai samu, jikka nawa za su yi saura? Ku aiko mana amsa ta saƙon salula ko ku kira lokacin shiri, za mu karanta sunayen garuruwan da suka dace.

Allah Ya ƙara zumunci, Ya sa albarka cikin nema. Mu kwana lafiya.